Ba Siririn Littafin Ba, Injiniyana

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a ranar zafi, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar zuciyata har ta yi tsiro, mai waldar da ya haɗe raina da nasa har na rasa inda gaɓar take. Zuwa ga Injiniyana, wanda babu makarantar da ta ba shi wannan suna sai bakina.

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Yaya aiki, yaya gadar taku da ta ƙi ƙarewa? Ina fata kana cin abinci a kan lokaci, ba sai cikinka ya fara ƙara fiye da janareto ba. Ni dai ina nan lafiya, in har ana kiran mutum mai lafiya alhali rabinsa yana wani gari a rataye jikin ƙarfe.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, ga waya a aljihunka. To, waya ta ci amanata. Duk sanda na kira ka da maganar nan a shirye tsaf a bakina, da na ji muryarka sai ta warware. Kai ma ka iya abinka: sai ka yi gum, ka bar ni da ƙarar injin yankan ƙarfe a kunne, har in fara ba ka haƙuri a kan laifin da ban yi ba. Takarda ba ta da wannan rauni. Ba ta jin muryarka balle jikinta ya yi sanyi, kuma ba ka da damar ce mata oga na kiranka. Saboda haka ka goge hannunka, ka sami wuri ka zauna, ka karanta ni har ƙarshe.

Maganar kwas ɗin kemistiri ce, wanda makarantar koyon aikin jinya ta ce sai na ci shi kafin ta ko dubi takarduna, tunda na sakandare ya tsufa a wurinsu. Kuma maganar ranar aurenmu ce, domin su biyun sun sarƙe da juna yadda ba a taɓa ɗaya ɗayan bai motsa ba.

Ka tuna ranar da ka raka ni kwalejin da zan yi kwas ɗin, kafin ka koma bakin aiki? Ni ba na mantawa. Ruwa ya tare mu a kantin littattafai, rigarka ta jiƙe a kafaɗa don ka ba ni lemar gaba ɗaya kana cewa kai ƙarfe ne, ruwa ba ya narka ka. Ƙanshin sabuwar takarda ya cika wurin, ruwan yana gangarowa a gilashin taga, ni kuma ina satar kallonka ina tambayar kaina me na yi wa Allah ya ba ni kai. Matar kantin ta jero mana littattafai uku a kan tebur, na kwas uku, dukansu da sunan kemistiri a goshi. Akwai siriri mai hotuna masu launi, na zango ɗaya, wanda ba ya buƙatar shiga ɗakin gwaje-gwaje. Akwai matsakaici, na zango biyu, an rubuta cewa na masu shirin aikin lafiya ne, da gwaji kowane mako. Sai wani ƙato da za a iya tokare ƙofa da shi, na masu son zama likitoci da injiniyoyin gaske, ba irin nawa ba.

Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kana aunawa a tafin hannu, yadda kake auna bututu a kasuwar ƙarfe. Ka ajiye ƙaton kana dariya, ka ce wannan sai ya karya min wuya. Ka ajiye matsakaicin ba dariya, don ka riga ka lissafa cewa zango biyu zai haye ranar da aka sa mana. Sannan ka miƙo min siririn, ka dube ni da idon nan naka mai kashe min gardama, ka ce kemistiri ai kemistiri ne, wannan ya ishe ni, in gama shi ka zo ka ɗauke ni. Wace mace ce za ta ce a'a a wannan lokaci, ruwa na zuba, masoyinta na rawar sanyi saboda ita? Na karɓa, na rungume shi a ƙirji, muka je na yi rajistarsa ina jin kamar ranar auren ce ta matso.

Da na koma gida Yaya Babba ya ga littafin, sai ya sha mur. Ka san shi da son a ce. A ganinsa ƙanwarsa ba za ta ɗauki littafin da ya yi kama da na 'yan firamare ba, ƙaton nan ne ya dace da gidanmu, ko don maƙwabta su gan ni da shi a hannu. Mutumin da rabonsa da buɗe littafi tun yana saka gajeren wando! Na bar shi ya yi ta faɗansa, amma ya jefa min shakka. Kai ka zaɓa min don ka gaji da jira, shi ya zaɓa min don ya yi alfahari, kuma a cikinku babu wanda zai ba ni gurbin karatun. Sai na ce bari in je in tambayi masu bayarwa.

Na je ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar jinyar bayan na tashi daga aiki, ko kayan aikin ban cire ba. Wata mata na samu, mai tabarau a kan karan hanci da fankar tebur da ke juyawa tana kaɗa mata takardu. Na ajiye mata siririn littafin da murmushina. Ta buɗe shi, ta juya shafi biyu, ta rufe, ta turo min abina a hankali kamar mai mayar da kwanon da ba nata ba. Ta ce, “'Yata, ba mu karɓar kemistirin da ba a taɓa shi da hannu ba. Ko maki ɗari kika kawo min a wannan, a gefe zan ajiye ki.”

Na ɗauki littafina na juya zan fita. Ta ga yadda fuskata ta sauya, sai ta sa na zauna ta yi min bayani dalla-dalla. Siririn an yi shi ne don masu karanta wasu fannoni, su ɗan leƙa kimiyya su wuce. Ƙaton suna karɓarsa, amma lissafi ya cinye shi, ba ya isa ga abin da ke faruwa a jikin mutum sai an ɗora wani kwas a kansa, kuma zan zauna ne da yaran da suka fito daga sakandare jiya, kansu da zafi, ni da na yi shekaru ina gyaran gado a asibiti. In na fito da maki mai rauni, girman littafin ba zai cece ni ba, don maki suke jerawa, ba nauyin takarda ba. Matsakaicin shi ne aka ɗinka daidai jikina: ya fara da tushe, ya bi ta kan sinadaran da ake haɗa magani da su, ya ƙare a sukari da kitse da gishirin da ke yawo a jini. Ta kuma tuna min cewa sau ɗaya suke ɗaukar ɗalibai a shekara. In na ɓata wannan zangon a kan siririn, ba zango na rasa ba, shekara ce cur.

Ka ga inda muka kusa faɗawa, hasken raina? Da na gama siririn nan, na ci shi da kyau, ka zo ka ɗauke ni da murna, in kai takarduna a mayar min da su a bakin taga. Wa zan kalla a ranar? Kai zan kalla. Kuma na san zuciyata, ba ta iya ɓoye abu. Da kullum na zuba maka ruwan wanka sai na tuna, da kullum ka yi min dariya sai na ga laifinka. Ina son ka da yawa, ba zan yarda in shigo gidanka da wannan ƙullin a ƙirjina ba.

Kada ka ce duk wannan don takarda ne kawai. Ka san aikina a ɗakin marasa lafiya na maza: in canza zanin gado, in juya wanda ba ya iya juyawa, in kai fo in dawo da shi, in tura keken marasa lafiyar da kai ka gyara wa taya ranar da na fara ganinka. Ba na raina aikin, shi ya ciyar da ni da Inna. Amma kwanan baya wani abu ya faru a gabana wanda ya hana ni sukuni. Ina tsaye ina shimfiɗa wa wani tsoho zani, wata ɗalibar jinya ta zuƙo magani a sirinji, fari tas kamar ruwan sha, ta nufi jijiyar hannunsa. Babbar Sista, shugabar ɗakinmu, tana can bakin ƙofa, ban san sanda ta iso ba, sai gani na yi ta cafke wuyan hannun yarinyar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mata fotasiyam ne, ɗaya daga cikin gishirin jini, ba a tura shi kai tsaye, sai an sirka shi a ledar ƙarin ruwa ya riƙa ɗiga a hankali, in ba haka ba zuciya tsayawa take yi. Yarinyar ta fashe da kuka. Tsohon bai ma san abin da ya wuce ta kansa ba, tambayata yake ko an kusa kawo abinci.

Ni kuwa ina tsaye riƙe da bakin zani. Kusa da shi nake fiye da kowa, idona a kan sirinjin, kuma da Sista ba ta zo ba da kallo kawai zan yi, har ma in riƙe masa hannu don allurar ta shiga da kyau. Wannan ya ƙona min rai, Injiniya, har yau yana ƙona min. Na koma kantin nan na roƙi matar ta bar ni in duba. A matsakaicin na sami babi guda a kan gishirin jini da yadda suke riƙe bugun zuciya. A siririnka na sami babin yadda ake sabulu da dalilin da ke sa ƙarfe tsatsa. Sabulu na iya wanki da shi tun ina yarinya, tsatsa kuma ai kai ka isar min. Ba na son in sake tsayawa a bakin gadon mutum da hannu biyu da ido biyu amma kai babu komai.

Yanzu bari in kama ka da hannunka. Lokacin da za ka yi wa Inna ƙofar gida, ni na raka ka sayen ƙarfe. Mai shagon ya kawo maka siririn bututu, ya ce da an shafa fenti ba mai ganewa. Ka auna shi a hannu, ka mayar, ka ce fenti ba ya ɗaukar nauyi. Ya kawo mai kaurin gaske don ya burge ka, shi ma ka mayar, ka ce zai tumɓuke maratayin daga bango kafin shekara. Ka yi ta tono har ka sami wanda ya dace da nauyin da zai ɗauka, ka sa muka yini a rana, ina ta mita kana yi min kunnen uwar shegu. Ƙofar tana nan, ko ƙara ba ta yi. To, yaya aka yi mutumin da ba ya yarda da siririn bututu a ƙofar surukarsa ya miƙa wa matar da zai aura siririn littafi? Na san amsar, kuma ita ce ta sa ban yi fushi ba: ba hannunka ne ya auna ba a ranar, kewa ce ta auna.

Ita wannan kewar, kana tsammani kai kaɗai take ci? Wayyo, rabin raina! Da ka san yadda nake buɗe hotunan ɗakin da ka kama mana, in ƙura wa gadon da ka ƙera da hannunka ido, da 'yar kantar takalma da ka yi mai hawa uku don ka ce ka san ni da tara takalmi, da tagar da ka ce rana na shigowa ta nan da safe. Na haddace ɗakin nan kamar na taɓa share shi. Na san inda zan sa madubi, na san kusurwar da za mu yi faɗa a kanta. Idan iska ta kaɗa labule a ɗakinmu na gida sai in ji kamar sallamarka ce, idan na wuce shagon walda a hanya na ji ƙaurin wuta sai ƙafata ta rage sauri da kanta, har masu shagon sun fara tsammanin aiki na kawo. Wace irin yarinya ce ke tsayawa shaƙar hayaƙin walda kamar turare? Taka ce. Zango biyu da nake faɗa da baki kamar abin wasa, ni ma dutse ne a ƙirjina, kuma ni zan kwana da shi in tashi da shi.

Amma ka tuna, lokacin da aikin gadar nan ya taso, an riga an sa mana rana. Ka zo kana sosa ƙeya, ka ce dama ce da ba ta zuwa sau biyu, in ka yi ta sunanka zai shiga bakin manyan 'yan kwangila. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma da na share hawaye ni na je na lallashi Inna aka ɗaga. Ban ce maka ka nemi ƙaramin aiki kusa da gida ba, don na san ƙaramin aiki zai ƙuntata maka rai. Ban kawo wannan don gori ba. Na kawo shi ne don ka san na san ɗacin abin da nake roƙonka, na taɓa shan sa, kuma ban mutu ba.

Sai maganar da ka faɗa a waya ta ƙarshe, wadda ka yi saurin mayar da ita wasa. Ka ce abokan aikinka na cewa mace in ta sa farin kaya ba ta sake ganin mai baƙin hannu. Na yi dariya a lokacin don kada in yi kuka, yanzu ga amsata. Waɗannan abokan naka, cikinsu wa ya taɓa ganina? Wa ya san cewa da hannun da nake kwashe fo ka riƙe ni ka ce ba ka taɓa ganin hannu mai kyansa ba? Kai ka gan ni a lokacin da likitoci ke wuce ni a baranda kamar bokitin shara. In har farin kaya zai makantar da ni daga wannan, to ban cancanci kayan ba, balle kai. Ka gaya musu su kula da waldarsu, gada ce mutane za su hau.

Ga abin da na yi, don ba na son ka ji a bakin wani. Jiya da safe na je kwaleji na janye sunana daga siririn kwas, na shiga matsakaicin. Jiyan ce ranar ƙarshe ta sauyi, yau an rufe. Ajin safe na ɗauka, na roƙi Babbar Sista ta mayar da ni aikin yamma, ta yarda ba tare da ta sa na maimaita ba. Na san ya kamata in jira amincewarka, na kuma jira ta har inda lokaci ya ba ni dama, amma shirunka ya fi wa'adin kwaleji tsawo.

Daga can ban zarce gida ba, wurin Ummanka na nufa, don ban ga dalilin da zai sa ta ji a titi ba. Na same ta a tsakar gida tana ninke kayan shanya. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga littattafan har tsohon nan, ina jiran ta ce na mayar da ɗanta abin wasa. Ta yi ta lallatsa wata riga da ta riga ta ninku. Sannan ta ce, “Ni na yarda, kuma zan sanar da manya a ɗaga. Amma shi ba zan roƙar miki shi ba. Ke za ki zauna da shi, ke za ki roƙa.”

To, ga ni na zo roƙo, muradin zuciyata. Ba izinin shiga aji nake roƙo ba, wannan bakin alƙalami ya bushe, ranar Litinin zan shiga, ko da idona a kumbure ne. Kai nake roƙo. Ka jira ni zango biyu, ka jira ni da zuciya ɗaya, ba jiran mai ƙirga laifi ba. Na yi maka alkawari ba zan yi wasa da kwana ɗaya a ciki ba. Zan ci kwas ɗin nan da makin da matar tabarau za ta cire tabaraunta ta sake dubawa, kuma da na fito daga jarrabawar ƙarshe ba zan ƙara maka ko yini ba, ko duniya za ta taru a kaina. Karatun jinyar kansa daga ɗakinka zan riƙa tafiya, in Allah ya yarda, kai za ka riƙa tashina in na makara.

In kuwa ka duba zuciyarka ka ga ba za ta iya ba, kada ka aiko min da shiru, kada ka aiko da kowa. Ka zo ka tsaya a gabana ka faɗa da bakinka. Zan ji, zai kuma karya ni, ba zan yi maka ƙaryar jarumta ba. Amma ka sani ko a ranar, in akwai aji, zan wanke fuskata in tafi. Wannan ita ce matar da ka ce kana so, ba ni da wata da zan ba ka.

Taka tun kafin ka tambaya, taka a cikin jiran nan, taka har ranar da numfashi zai bar ƙirjina, ba kuma ta kowa ba bayanka,

Nas ɗinka mai zuwa.